Shuka a Cikin Kwalba: Shisshigi Ne Ko Riƙon Amana?

Akwai wata muhawara da ta taso a tsakaninmu bayan karatu, muka ga ya dace mu kawo ta nan.

Da yawanmu mun san nibima, tsiron nan mai yaɗo da ake dafa saiwarsa saboda zazzaɓin cizon sauro. Cibiyar binciken magungunan itatuwa ta Mampong-Akuapem, wadda aka kafa a 1975, ta daɗe tana aiki da shi. To amma saiwa ake so, wanda ya tono saiwa kuwa ya kashe shuka, kuma yawancinsa daga daji ake tonowa, ba mai mayar da wani.

Masana suna da dabara. Sai su yanki ɗan tohon da bai kai farce ba, su wanke shi da maganin kashe ƙwayoyin cuta, su sa shi a kwalba a kan wani haɗi mai daskarewa na sukari da ma'adinai da sinadaran girma. Shahararren haɗin, Murashige da Skoog ne suka fito da shi a 1962. Cikin 'yan makonni tohon ya yi 'ya'ya, a rarraba su, kowanne ya sake yi. A Fumesua kusa da Kumasi an yi wa ayaba da doya haka.

Wani ɗan'uwa ya ce wannan canza halittar Allah ne. Mu dai ba mu ga haka ba. Manomin da ya kakkarya itacen rogo ya binne bai halicci rogo ba. Ikon tsirowa yana cikin tohon tun asali, Allah ne Ya sa shi, mai kwalba share masa wuri kawai ya yi. Mun kuma san Manzon Allah (SAW) ya bar wa manoman Madina sanin sana'arsu a kan barbarar dabino.

Abin da ya fi damunmu daban ne. Duk tsiron da ya fito daga kwalba kwafin uwa ɗaya ne. In uwar ba ta da ƙarfin magani, dubu marasa ƙarfi aka samu. To wa ya san uwa ta gari? Wa ya fara sanin cewa wannan ganye na basir ne, wancan na shawara? Dattijon nan mai baza saiwoyi a kan buhu a Aboabo ko Nima, wanda muke wucewa ba ko gaisuwa, wasunmu ma har suna jifarsa da sunan boka ba tare da bincike ba. In aka karɓi saninsa kyauta, aka dawo ana sayar wa jikokinsa magani da tsada, an ci haƙƙinsa, ko da kwalbar halal ce.

Mun tambayi kanmu a zaman nan: wa ya taɓa zama da irin wannan dattijo da biro da takarda? Ba wanda ya ɗaga hannu. Wa ke niyyar karanta ilmin tsirrai a Legon ko Kumasi? Yarinya ɗaya ce, ita ma mahaifinta bai amince ba tukuna.