Ƙofa a buɗe ba izini ba ce

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya 'yan'uwa Musulmi, Gaya garin fatauci ne. Kaya na zuwa daga Malanbil, wasu na bin hanyar Kamba, lissafinsu kuwa yau cikin kwamfuta yake: bashin wane, ajiyar wane, takardun duwan. To, idan mai shago ya tafi sallah ya bar na'urarsa a buɗe, wani ya leƙa, laifin wa ne?

Na farko, na mai leƙawa ne. Suratun Nur, aya ta 27, ta wajabta neman izini kafin shiga gidan wani. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta haramta binciken asirin mutane. Kwamfutar mutum ɗakinsa ce, ko ɗa, ko yaron shago, ko mai gyara, ba ya da ikon wuce inda aka yarje masa. Dokar Nijar ta 2019 kan laifukan na'ura ma ta tanadi hukunci a kan haka.

Amma mai na'ura bai kuɓuta ba. Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda aka bai wa ajiya ba ya ramuwa sai in ya yi sakaci. Sunayen mutane da basussukansu ajiya ne. Wanda ya bar su a fili ya yi sakaci.

Ku sani, kalmar sirri ta Windows kaɗai ba ta wadatar ba. Wanda na'ura ta shiga hannunsa yana iya tayar da ita da sandar USB, ko ya ciro faifan ajiyarta ya karanta a wata na'ura. Don haka, a sa kalmar sirri ga BIOS, a hana tashi daga USB. A rufe faifan da BitLocker ko makamancinsa, wanda ke mayar da rubutu abin da ba ya karantuwa sai da mabuɗi, a kuma adana mabuɗin wuri dabam. Idan an kira sallah, a danna maɓallin Windows tare da L kafin a tashi. Da dare a kulle ɗakin.

Wani zai ce wannan mugun zato ne ga iyali da abokan aiki. A'a. Kwado rahama ne: yana tsare mai gaskiya daga zargi, yana tsare mai rauni daga fitina.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Wassalamu alaikum.