SAI NA GANI KAFIN IN YI BIYAYYA?

Mai karatu, mutanenmu sukan ce gani ya kori ji. A kasuwa wannan magana gaskiya ce, gama ba mai sayen akuya a cikin buhu. Amma akwai tambaya mai nauyi: idan Allah ya yi alkawari, ya kuma ba da umarni, daidai ne mutum ya dakata sai ya ga cikar alkawarin kafin ya bi umarnin?

MANOMI YA SAN AMSA

Ka dubi abin da kake yi a gonarka. Rani ya yi nisa, rumbu ya kusa ƙarewa, yara suna kuka. Duk da haka akwai damin hatsi guda wanda maigida ba ya yarda a taɓa, wato iri. Waɗanda suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san zafin ajiye iri alhali tukunya ba komai. In lokaci ya yi, waɗansu ma sukan yi binne a busasshiyar ƙasa tun hadari bai taso ba. Wa ya nuna musu amfanin gona kafin su zuba iri? Babu. Sun dogara ga Wanda ya yi wa Nuhu alkawari cewa lokacin shuka da na girbi ba za su daina ba muddin duniya tana nan (Farawa 8:22). Wanda ya ce sai ya ga zangarniya kafin ya yi shuka, da kaka zai yi kala a gonar wani.

IBRAHIM YA JIRA SHEKARA 25

Ibrahim yana da shekara 75 sa'ad da Ubangiji ya kira shi ya bar Haran. Ba a gaya masa sunan ƙasar da za shi ba. An yi masa alkawarin zuriya mai yawa, ga shi kuwa Saratu ba ta haihuwa. Ya tashi ya kama hanya. Sai da ya kai shekara 100 aka haifi Ishaku. Ka lissafta: damina 25 yana zaune cikin alfarwa, yana jira. A tsakani ya gaji, shi da Saratu suka nemi gajeriyar hanya ta wurin Hajaratu, abin ya jawo kishi da hawaye a gidansa. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba, domin mu koya. Gaggawar mutum ba ta sa alkawarin Allah ya zo da wuri, kuskuren mutum kuma bai sa Allah ya fasa ba.

MENE NE ALLAH YA ALKAWARTA?

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sukan ɗauki muradin zuciyarsu su sa masa suna alkawarin Allah, in bai samu ba su ce Allah ya yashe su. Ubangiji bai taɓa cewa mai bi ba zai yi ciwo ba, ko gonarsa ba za ta ƙone ba. Mu da muke zaune a Gamkalle, a bakin kogin Isa, mun ga ambaliyar 2020 a Yamai. Ruwa bai tambayi addinin kowa ba kafin ya rushe ɗaki ko ya cinye gonar shinkafa. Yesu da bakinsa ya faɗa wa almajiransa za su sha wahala a duniya (Yahaya 16:33). Abin da ya alkawarta shi ne gafarar zunubi, da rai madawwami, da kasancewarsa tare da mu har ƙarshen zamani. Ya kuma ce Ubanmu na sama ya san bukatarmu ta ci da sha da sutura (Matiyu 6).

RANAR DA MAJAMI'U SUKA ƘONE

Ran 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, kashegari kuma a Yamai, tarzoma ta tashi saboda wani zane da wata jarida ta buga a Faransa. Masu bi na ƙasar nan ba su da hannu a ciki, amma a kansu fushin ya sauka. Mutum 10 suka rasa rayukansu. A Yamai kaɗai an ƙone majami'u fiye da 40. Waɗansu suka ce, ina alkawarin Allah yake?

Ka tuna da Shadrak, da Meshak, da Abednego a gaban sarki Nebukadnezzar (Daniyel 3). Sun shaida wa sarki Allahnsu yana da iko ya cece su daga tanderun wuta, suka ƙara da cewa ko bai cece su ba, ba za su yi wa gunki sujada ba. Ba su yi ciniki da Allah ba. Biyayyarsu ta riga ceton zuwa.

Haka ya zama ga ikkilisiya a 2015. Umarnin a fili yake: mu ƙaunaci maƙiyanmu, mu bar ramuwa a hannun Allah (Matiyu 5:44, Romawa 12:19). Shugabannin ikkilisiyoyi suka yi shelar gafara tun toka ba ta huce ba. Masu bi suka koma yin sujada tsakanin bangaye masu baƙin hayaƙi. Kada kuma mu manta da maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu a ranakun nan. Da an rama, da wutar ta ci gidaje da rayuka fiye da haka, da kuma ba mu da fuskar yi wa kowa zancen Almasihu a yau.

WANNAN BA RAGWANCI BA NE?

Wani zai ce irin wannan dogara ta raggo ce ko ta matsoraci. A'a. Wanda ya gafarta yana da hanya ya kai ƙara wurin hukuma, gama Allah ne ya kafa ta domin hukunta mai laifi (Romawa 13). Manomin da ya dogara ga Allah shi ne kuma yake fita noma da sassafe. Uwa mai bangaskiya takan yi addu'a, ta kuma goya yaronta zuwa asibiti. Masu bi ne suka buɗe asibitin Galmi a 1950, suna addu'a suna ba da magani. Yakubu ya koya mana bangaskiyar da ba ta da aiki matacciya ce.

YAU A GIDANKA

Gwajinka mai yiwuwa ba wuta ba ne. Watakila matarka ta daɗe ba haihuwa, dangi suna matsa maka ka je wurin boka. Watakila yaro yana zazzaɓi, kaka ta kawo laya a ɗaura masa. Watakila bashi ya kama ka, zuciya tana cewa ka rage mudu a kasuwa. Kowannensu gajeriyar hanya ce irin ta Ibrahim da Hajaratu. Mun ce alkawari kaya ne. Mutum yakan gaji ya sauke nasa a hanya, amma Allah ba mutum ba ne da zai yi ƙarya (Littafin Ƙidaya 23:19). Wanda ya ba da Ɗansa a kan gicciye dominka, ya kuma tashe shi daga matattu, ya riga ya cika alkawarin da ya fi duka wuya.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wane umarni ne ka sani sarai amma kake jinkiri a kansa? Ka tara iyalinka da daren nan, ku karanta Ibraniyawa sura 11 tare, sa'an nan ku yi addu'a haka:

Ya Ubangiji, ka san raunin zuciyarmu. Ka ba mu ikon bin maganarka tun ba mu ga ƙarshen hanya ba. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.