Injin Girbi da Masu Kala

A karanta Rut sura 2.

A shekara ta 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar ruwa ta Tiga. Daga can aka jawo ruwa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Dattawanmu sun san yadda ƙasar nan take kafin wannan. Da an kai hatsi rumbu, sai samari su tafi cin rani. Mai ɗan lambu a fadama yana fama da jigo har kafaɗa ta gaji. Yanzu kuwa ga alkama da tumatir da albasa a tsakiyar rani, ga shinkafa har inda ido ya tsaya. Wannan alherin Allah ne, kada kowa ya raina shi.

Amma bayan ruwa sai na'urori suka biyo, suka kuwa taɓa zamanmu da juna. A dā, kadan ciyawa ta fi ƙarfin mutum, sai ya kira gayya. Domin wannan, wanda ya yi faɗa da maƙwabcinsa tilas ya nemi sulhu kafin damina, gama ya san zai bukace shi. Yau yaro ɗaya da tankin feshi a baya ya isa. Ba wanda ya zauna ya ce a rage gayya. Bukatarta ce ta ragu, wani sulhun kuma ya tafi tare da ita.

Ga shi yanzu injin girbi ya fara shiga gonakin shinkafa. Yana yanka, yana bugu, yana sheƙa, duka a tafiya ɗaya. Ku tuna da waɗanda suke ci daga wannan aiki: masu lauje, da matan da suke sheƙa a ba su kwano ɗaya ko biyu, da gwauraye da marayu masu bin baya suna kala. Abin da inji ya zubar ƙwaya ce cikin ƙasa, rabon tsuntsaye ne. Ina gwauruwa za ta nufa?

Rut baƙuwa ce daga Mowab, mijinta ya mutu, ba ta da ko taki ɗaya na gona a Baitalami. Da kala ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi. Mu lura da kyau, ba sakacin masu girbi ya bar mata sha'ir ba. Shari'a ta riga ta hana mai gona komawa ya ɗauko damin da ya manta, domin na baƙo ne da maraya da gwauruwa (Kubawar Shari'a 24:19). Bo'aza kuwa ya wuce abin da Shari'a ta nema. Ya umarci barorinsa su riƙa zare zangarniya da gangan, su bar mata, kada kuma su tsawata mata. Ashe kala daga bakin mai gona take fitowa. Inji ba shi da kunne, amma mai tuƙa shi yana da biyu, kuma maganar wanda ya biya shi yake ji.

Abin da ya fi ba ni tsoro ƴaƴanmu ne. Za su kira inji ta waya, su biya ta waya, su sayar ta waya, ba su ga fuskar kowa ba. Yaron da bai taɓa ganin tsohuwa ta sunkuya a gonar ubansa ba, ba zai san ya hana wani abu ba. Zuciyarsa ba za ta kayar da shi ba, gama ba a koya mata ba.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, ga bashin taki, ga kuɗin ruwa, ga kuɗin inji." Gaskiya ne, ban musa ba. Waɗanda tsutsa ta cinye wa tumatir a 2016 sun san manomi ma yakan wayi gari hannu wofi. Wannan kansa ya isa ya tuna mana, matar kowane ɗayanmu tana iya zama mai kala wata rana.

Ga roƙona ga dattawan kowace ekklesiya. Kafin shinkafa ta nuna, ku zauna ku rubuta sunayen gwauraye da marayun ƙauyenku, masu bi da waɗanda ba masu bi ba. Kowane mai gona ya keɓe fangali ɗaya a gefe, gwargwadon ƙarfinsa. Ran da inji ya zo, ya tafi da ɗansa gonar, ya kafa sanda a gaban yaron, ya ce wa direba, "Nan za ka tsaya."