Shirun Yaro Iri Biyu Ne

Sa'ad da ma'aurata suka kawo ƙarar juna gaban Fada ko katikis, sau da yawa ƙarar ba ta wuce iri biyu. Matar takan ce maigida ba ya jin magana, daga ƙaramin abu sai tsawa, wani lokaci har da ɗaga hannu. Mijin kuma yakan ce idan ranta ya ɓaci sai ta yi gum kwana uku, ba a san laifin ba balle a gyara. In aka matsa musu, amsar ɗaya ce: “Haka Allah ya yi ni, hali zanen dutse.” To, lalle ya kamata mu tambaya, wane ne ya yi wannan zane, kuma da gaske ba ya goguwa?

Ba a haihuwar jariri da ikon kwantar da ransa. Idan yunwa ko tsoro ya kama shi, zuciyarsa takan buga da sauri, jikinsa ya ɗaure, ba shi da dabara sai kuka. Uwa ce ke ɗaukarsa, ta goya shi, ta jijjiga shi har numfashinsa ya daidaita da nata. Wannan yakan faru sau dubbai kafin yaye, a nan ne yaro ke koyon cewa damuwa aba ce mai wucewa, kuma in ya kira akwai mai zuwa. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Mary Ainsworth, ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955 tana ziyartar iyalai 26 a ƙauyukan kusa da Kampala. Ta lura cewa jariran da uwayensu suka fi gane bukatarsu su ne suka fi natsuwa, kukansu kaɗan ne, suna rarrafe su yi wasa su dawo gindin uwa. Abin da ake koyarwa a jami'o'in duniya game da shaƙuwar uwa da ɗa, wani sashensa daga matan Afirka aka koyo shi, ko da yake kakanninmu ba su bukaci littafi ba.

Matsalar takan soma ne bayan an sauke yaro daga baya. Ɗan shekara huɗu ya faɗi yana kuka, sai a ce masa, “Yi shiru ko in ƙara maka,” ko kuwa, “Namiji ba ya kuka.” Yakan yi shiru kuwa, mu kuma mu yabe shi, mu ce yaro ne mai haƙuri. Amma shirun yaron da aka rarrashe shi daban yake da shirun wanda aka tsorata. Na fari wutar cikinsa ta mutu, ya kuma ga yadda ake kashe ta. Na biyu an rufe wutar da toka ne kawai. Shi ne bayan shekara ashirin da biyar zai fashe a kan matarsa saboda gishirin miya, gama bai taɓa koyon cewa “raina ya ɓaci” da baki ba. 'Yar'uwarsa kuwa, wadda ta koyi cewa magana tana jawo duka, ita ce mai yin gum. Ba muna cewa a bar horo ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma yaron da ke cikin firgita ba ya jin gargaɗi, sai an fara sanyaya shi tukuna.

Waliyyi Agustin, wanda aka haifa a 354 a Tagaste, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, ya ba da labari a littafinsa na ikirari cewa yana yaro yakan roƙi Allah kada a duke shi a makaranta, iyayensa kuwa dariya suke yi wa bulalar da yake sha, ko da yake ba su nufe shi da mugunta ba. Ya rubuta wannan yana bishop, ya haura shekara arba'in, dariyar tana nan a ransa. A littafin nan kuma ya nuna inda mahaifiyarsa Monika ta samo natsuwarta. Wata tsohuwar baiwa ce ta rene ta, wadda tun da can ta goyi mahaifin Monika a baya. Tsohuwar tana da tsanani, har ruwa ba ta bari 'yan matan su sha in ba lokacin abinci ba, amma takan gaya musu dalili. Da Monika ta auri Patrisiyus, mutum mai zafin rai ƙwarai, ba ta amsa masa sa'ad da yake fushi, sai ya huce sa'an nan ta bayyana masa nata dalilin. A lura, tana magana daga baya, wato shirunta ba na tsoro ba ne. Kada kuwa wani ya ɗauki labarin nan ya ce wa matar da ake duka ta koma ta yi haƙuri. Wadda ake duka, tsaro take bukata tukuna, kuma wajibi ne dangi da shugabannin Ikkilisiya su ba ta.

Saura tambaya mai wuya. In tarbiyya ce ta gina mutum haka, ina laifinsa? Katikisim na Ikkilisiyar Katolika na 1992 ya yarda cewa tsoro, da sabo, da raunin tunani suna iya rage nauyin laifi a kan mutum. Saboda haka ba ma gaggawar yanke wa mai zafin rai hukunci, domin ba mu san gidan da ya tashi ba. Amma rage nauyin laifi bai rage zafin mari ba, 'ya'yan da ke leƙe ta ƙofa kuma suna ɗaukar darasinsu. Daga ranar da mutum ya gane inda fushinsa ya fito, alhakin neman magani ya hau kansa.

Maganin kuwa yana yiwuwa. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989, duniya ta ga dubban yara a gidajen marayu da ba mai ɗaukarsu. A wani bincike da aka fara a Bukares a 2000 da yara 136, waɗanda aka mayar hannun iyalai masu riƙo, musamman kafin su cika shekara biyu, sun fi waɗanda aka bari samun shaƙuwa da natsuwa. Ga babba abin ya fi jinkiri, amma hanyar ɗaya ce, wato zama kusa da mutum mai natsuwa, ko miji ko mata ko aboki ko dattijo, da neman taimakon likitan tunani in abin ya yi tsanani. Masu koyar da masu shirin aure suna yawan tambaya a kan sadaki da ranar biki. Muna roƙonsu su ƙara tambaya ɗaya ga saurayi da budurwa, kowa a gaban ɗan'uwansa: a gidanku, sa'ad da kuka yi kuka kuna yara, wa yake zuwa, kuma me yake cewa?