Ƙarƙashin Gada Suka Fara

Kai da ka wuni a gareji, ke da kika wuni a kan keken ɗinki, ku ji abin da mahaya keke na birnin Seattle a Amurka suka yi da ranakun hutunsu.

Wurin da aka fara ba su, ba mai so. Ƙarƙashin babbar hanyar I-5 ne, tsakanin ginshiƙan kankare, ga shara, ga rurin motoci a sama dare da rana. Seattle garin ruwan sama ne, amma gadar ta tare shi, ƙasar ta bushe har ba ta kamuwa. Ba su ce a canza musu wuri ba. Suka jido duwatsu da katako, suka shimfiɗa hanyoyin hawa da gangara, zuwa 2008 filin keke mai suna Colonnade ya tsaya da ƙafarsa.

Wanda ya ga wannan aiki ba ya buƙatar dogon bayani. Hukumar gundumar King ta haɗa kai da ƙungiyarsu, Evergreen Mountain Bike Alliance, a dajin Duthie Hill kusa da garin Issaquah, eka 120, aka yi wani filin keke, aka buɗe shi a 2010. Kuɗin tallafi ya shigo, ƙwararru sun ja gaba, amma gumin na 'yan gayya ne.

Kuma aikin ba wasa ba ne. Sai an kwashe baƙar ƙasar sama mai ruɓaɓɓen ganye da diga da manjagara, a kai ga ta ƙasa mai kama jiki. A kan kwana a tara ƙasa da baro, a daddaɓe ta da bayan shebur har ta yi tauri, don taya ta samu madogara. Babban abokin gaba ruwa ne: a karkata hanyar kaɗan, a yanka masa mafita, in ba haka ba damina ɗaya ta mayar da ita kwazazzabo. Duk manomi ya san wannan, ba sai an koya masa ba.

To, ku da hannuwanku suka riga suka yi kanta, me kuke jira? Akwai kangon fili a unguwarku da yara ke ratsawa cikin juji. Ku je wurin mai unguwa, ku nemi izini a rubuce, ku sa ranar Asabar. Mai shebur ya zo da shebur, mai baro ya turo baro, wanda bayansa ba ya sunkuyo ya kawo ruwan sha.