Ko Littafi Zai Iya Ɗauke Wa Mutum Damuwa?

Duk wanda ya leƙa shagunan littattafai na Bukuru da Jos, ko ya tsaya wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, zai ga wani irin littafi da ba ya yin kwantai, wato mai yi wa mai karatu alkawarin raba shi da damuwa. Irin wannan rubutu ya daɗe. Dale Carnegie ya fitar da nasa a kan barin zullumi a 1948, sa'an nan Norman Vincent Peale, wani fasto a Amurka, ya biyo da nasa a 1952 a kan ƙarfin kyakkyawan tunani. Jikokinsu ne ke cike da kantuna har yau. Abin tambaya shi ne, ko daidai ne a miƙa wa mai baƙin ciki littafi, a bar shi ya warkar da kansa?

Ba za a raina amfaninsu ba. Mutumin da ya yi watanni ba barci, abinci ya fita daga ransa, yana kuma jin kunyar faɗa wa kowa don kada a ce bangaskiyarsa ta raunana ko an yi masa sammu, yakan sami sauƙi ran da ya karanta cewa abin nan ciwo ne sananne, wasu kuwa sun warke. Littafi ba ya tsegumi. Tun shekarun 1960 likita Aaron Beck ya nuna cewa mai ciwon damuwa yakan yanke wa kansa hukunci mai tsanani wanda bai yi daidai da gaskiya ba, kuma ana iya koya masa ya tuhumi wannan tunani. A 2013 aka soma wani shiri a Ingila inda likita ke rubuta wa marar lafiya sunan littafi ya aro a laburare. Sai dai littattafan zaɓaɓɓu ne, likitan kuma yana nan bai janye hannunsa ba.

A nan ne maganar ta yi nauyi ga Bukuru. A rikicin Janairu 2010 an ƙone gidaje da rumfunan kasuwa, an rasa rayuka, maƙwabta suka rabu zuwa unguwanni dabam dabam. Ɗan kasuwar da har yanzu gabansa ke faɗuwa in ya ji an ruga a guje, ba kuskuren tunani ne ke damunsa ba. Ya ga wuta da idonsa. Idan littafin da aka rubuta domin ma'aikacin ofis a wata ƙasa ya ce masa ya sāke tunani kawai, ya gwada bai sami sauƙi ba, me zai ɗauka? Zai ce laifinsa ne. An ƙara masa kaya a kan kaya ke nan, daidai da wa'azin da ke ce wa mai ciwo addu'arsa ce ta gaza.

Akwai kuma tambaya ga mai bayarwa, domin kyautar littafi takan zama hanyar guje wa zama da mutum. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai tare da shi ba su ce uffan ba, ɓarnarsu kuwa ta fara ne sa'ad da suka soma yi masa bayanin wahalarsa. Da annabi Iliya ya roƙi mutuwa a jeji, abinci da barci aka fara ba shi, daga baya aka ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

Wanda ya kai ga tunanin kashe kansa, ko ya kāsa tashi daga gado, ya wuce a bar shi da karatu. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, dokar da aka sa wa hannu a Janairu 2023 kuma ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta ba irin wannan marar lafiya haƙƙi da mutunci. Ban da haka, kusan dukan littattafan nan da Turanci suke. Gwauruwar da ke Gyel, wadda Berom da Hausa kaɗai take ji, ba za ta buɗe ko ɗaya ba. Abin da ke isa gare ta shi ne sallamar 'yan Zumuntar Mata a bakin ƙofa, in sun tuna da ita bayan an watse daga zaman makoki.