Ƙofar Gorée da Gishirin Labari

A tsibirin Gorée, daura da Dakar, akwai wani jan gidan bene da iyalin Pépin, attajirai ruwa biyu, suka gina a ƙarshen ƙarni na 18. Matakala biyu ce ta lanƙwasa daga tsakar gida zuwa sama, inda masu gida ke shan iskar teku. A ƙasa kuwa ƙananan ɗakuna ne masu duhu, sai wani siririn lungu da ya ɓulle ga ƙofa mai kallon ruwa. Ita ake ce wa ƙofar da ba a komowa.

Gidan ya zama gidan tarihi a 1962, kuma mai kula da shi, Boubacar Joseph Ndiaye, ya shafe shekaru yana shaida wa baƙi cewa ta nan miliyoyin bayi suka fita. Fafaroma John Paul II ya tsaya a bakin ƙofar a 1992, Obama a 2013. Sai dai masana da suka bi takardun jiragen ruwa sun ce waɗanda aka kwasa daga tsibirin gaba ɗaya dubbai ne, ba miliyoyi ba.

To, ya halatta a zuba wa gaskiya gishiri don ta shiga zuciya? Masu cewa e suna da hujja. An loda mutum sama da miliyan 12 zuwa ƙetaren Atalantika, amma ba wanda ke zubar da hawaye a gaban adadi. Jikan bawa da ya taso daga Amurka yana buƙatar bangon da zai dafa.

Duk da haka ban yarda ba. Na farko, da zarar an kama ƙarya guda, mai musun cinikin bayi ya samu sanda. Na biyu ya fi damuna: labarin miliyoyin ya danne mutanen da gidajen tsibirin suka riƙe da gaske. Attajiran Gorée, har da matan nan masu dukiya da ake kira signare, sun mallaki bayin gida: magina, matuƙan kwalekwale, masu daka da ɗibar ruwa. Waɗannan ba su ƙetara teku ba, nan suka tsufa suna hidima. Iyayen gijinsu kuma da jinin Afirka a jikinsu, abin da bakinmu ke nauyin faɗa, kamar yadda mukan yi shiru kan bayin da aka sayar a kasuwar Kurmi.

Baƙo yakan ɗauki hoto a bakin ƙofar, bayansa na kallon matakalar da waɗancan suka riƙa hawa da akushi a ka.